Mai Barci a Cikin Laka

Da wani ɗan ƙara aikin nan ya fara, ƙaran da bai fi shaƙuwar jariri ba. Ina durƙushe a bakin murhu da hantsi ina tsince shinkafa, sai na ji "ƙwak" daga bayan randa. Na ɗaga kai, shiru. Ina mai da kai, sai ga shi kuma. Na yi a'uziyya na ɗauki muciya, domin a zatona ɓera ne, in kuma ba ɓera ba, to abin nan ne da ba a son ambatar sunansa. A bayan randar babu komai sai bahon da na jiƙa laka a ciki tun bayan asuba. Lakar kogi ce, maigidana ya sa mai baro ya kawo min daga fadamar kogin Ngadda don in lafe akurkin kajina da ya tsage. Ina tsaye riƙe da muciya sai wani curi ya motsa, ya rabe biyu, wata doguwar aba mai santsi ta miƙe a cikin ruwan tana buɗe baki kamar yaron da aka tasa sahur.

Ko mayafi ban tsaya gyarawa ba na faɗa gidan maƙwabciyata, Madam Rifkatu, 'yar kudancin Borno, wadda ke shugabantar wata firamare a nan Galtimari. Da ta leƙa bahon sai ta zauna a kan turmina ta yi ta dariya har da hawaye. Ta ce gaiwa ce, kifin da in kogi ya ƙafe yake nutsewa cikin laka, ya lulluɓe kansa da yauƙin jikinsa, ya kwanta barci har ruwa ya dawo. Ta ce a garinsu da fartanya ake kama shi, ba da ƙugiya ba. Sannan ta roƙe ni in ara mata shi ta nuna wa 'yan aji huɗu. Kifin ban damu da shi ba, amma bahon na kayan aurena ne, kuma na san yadda aro ke ƙarewa a makaranta. Don haka na sa hijabina na bi bahona. Da muka isa aka kira Madam ofis, aka bar ni da aji guda suna jefo min tambaya kamar ruwan ƙanƙara. Na amsa abin da na tuna daga sakandare, sauran na ce Allah ne masani. Washegari yara suka zo ƙofar gidana suna sallama, wai Maman Gaiwa suke nema. Sunan ke nan har yau.

Na kawo wannan ne saboda ku 'yan matan da aka turo min bana ku koyi aikin. Na ji abin da ɗayarku ta faɗa a bayan aji, wai aikin Mama ai yawon shan iska ne da 'ya'yan mutane, a je bakin kogi, a nuna musu kwaɗo, a dawo. Ban ji haushi ba, 'yata. Ni ma haka na ɗauka, kafin Madam ta kai ni wurin Dakta Yagana.

Dakta Yagana a Mairi take, kusa da jami'a. Ita da ɗalibanta suna bin kogin nan kowace damina da kowane rani, suna tsayawa a wurare ƙayyadaddu da suke kira tasha, tun daga sama kafin ruwa ya shigo gari, ta tsakiyar gari, har can fadamar Khaddamari inda ake noman shinkafa. A kowace tasha suna auna zurfin ruwa da duhunsa da ɗuminsa, su ƙirga halittun da suka samu, su rubuta. Ranar da na fara zuwa ta miƙo min takardun binciken, layi-layi cike da lambobi. Na juya su sama, na juya su ƙasa, na ce mata wannan ai ko ni barci yake sa ni, balle ɗan shekara tara. Ta ce shi ya sa take nemana. Ta ce ita ta iya tara lamba, amma lamba ba ta shiga kan yaro sai ya riƙe ta a hannunsa, kuma ta ji an ce na iya hana aji guda motsi da baho ɗaya.

Damina biyu na yi ina binta da izinin maigida, ina ɗauke da farin faranti. Aikina ke nan, farantin. Ɗalibi zai tsoma rariya a gindin ciyawar ruwa ya karkaɗo, a juye a farantina da ɗan ruwa, sai Dakta ta ce in faɗi abin da na gani. Nakan ce datti. Takan ce in sake dubawa. Sai in kafa ido, can sai dattin ya fara tafiya. Ga ɗan mazari, mummuna kamar kyankyaso, wanda ba za ki taɓa yarda shi ne zai zama mai fikafikan gilashin nan da ke shawagi a kan ruwa ba. Ga jajayen tsutsotsi sirara kamar zaren ɗinki. Ga katantanwa 'yar mitsitsiya. A wurinta na koyi cewa inda 'ya'yan mazari suka yi yawa ruwa na da lafiya, inda kuma jajayen tsutsotsi kaɗai suka rage, kwata ta ci ƙarfin kogi. Ba ta taɓa gaya min sunan abu ba sai na gaji da kallonsa. Ni ma yanzu haka nake yi wa yara, haka kuma zan yi muku, kada ku ce mugunta ce.

Kayan aikina duka suna shiga buhun shinkafa ɗaya. Mafi daraja a ciki ita ce igiya, doguwa, shuɗiya, irin ta shanya. Ita ce kogin. Nakan shimfiɗa ta a filin makaranta da lanƙwasarta kamar yadda Ngadda ke lanƙwasa, in ɗaura tsumma a kowace tasha, in ajiye faranti a gefensa da kwalbar ruwan da aka ɗebo daga ainihin wurin. Sai in raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni da tasharsa da layinsa na takardar Dakta. In takarda ta ce an samu 'ya'yan mazari kaza, su ƙirga ƙwallon dabino kaza su zuba a faranti. Jajayen tsutsotsi kuma jan murfin kwalba ne, katantanwa tsakuwa. In an gama sai mu bi igiyar da ƙafa daga sama zuwa ƙasa, ba na cewa komai. Su da kansu za su ga dabino na raguwa ana shiga gari, jan murfi na hauhawa, can bayan gari kuma dabino ya fara dawowa kaɗan-kaɗan. Nan za ki ji wani ya ce, ashe a wajen unguwarsu ne kogin ke rashin lafiya. Wannan "ashe" ɗin ita ce ribar ranar.

Me ya sa ƙwallon dabino? Saboda da gyaɗa na fara, soyayyiya ma kuwa, don ita ce a gida ranar. Na raba, na juya in gyara tsumman tasha ta ƙarshe, kafin in dawo tashar da ta fi kowace lafiya a duk kogin ta koma kufai. Na tambaye su ina 'ya'yan mazari suka shiga. Wani ɗan gajere mai kumatu a cike ya ce sun yi fiffike sun tashi. Da na ba Dakta labari ta ce tun da take ba ta taɓa jin an cinye sakamakon bincike ba sai a hannuna. Daga nan na kafa doka: duk abin da ke taunuwa ba ya shiga buhuna. Ko wake ɗanye na daina, don akwai akuyar mai gadi.

Zuwa bakin kogi kuwa, wanda kuke gani kamar shi ne aikin, sau ɗaya ko biyu ne a shekara, kuma shi ne ranar da ba na cin abincin kirki. Kafin a je sai na duba takarda na san tashar da katantanwa ta yi yawa, domin ita ke ɗauke da ciwon tsargiya, kuma ba na kai 'ya'yan mutane inda za su dawo suna fitsarin jini. Babba ne ke tsoma rariya, yaro a tudu yake jiran faranti. Idonki ɗaya a kan faranti, ɗaya a kan wanda ya fi kowa shiru, don shi ne ke shirin cire takalmi. Ga tambayoyi kuma. An tambaye ni ko kifi na jin ƙishirwa. An tambaye ni ko gaiwa na rama sallolin da suka wuce ta tana barci. Na ce ba a ɗora mata ba, amma shi mai tambayar an kusa ɗora masa, ya kuma daina fakewa da gaiwa in an tashe shi asuba.

Shekarar da ruwa ya shigo gari ba sai na ba ku labarinta ba, kowa a nan yana da nasa. Abin da ya shafi sana'a shi zan faɗa. Takardun Dakta da ke ɗakina sun zama kunu. Farantaina ban sake ganinsu ba. Igiyar na same ta a naɗe a reshen darbejiya, bahon kuma wata mata ta dawo min da shi daga layi na uku, ta ce ta gane shi ne da lotsawar gefensa. Makaranta ta daɗe a rufe. Da aka buɗe, yaran da na sani masu rige-rigen riƙe rariya suka zama in an ambaci kogi sai su sunkuyar da kai. Akwai wata yarinya, Falmata, 'yar aji uku, wadda mahaifinta ya fito da ita a wuya ruwa na kai masa ƙirji. In na tsiyaya ruwa daga bokiti zuwa faranti, ƙarar kawai, sai ta toshe kunne ta fita baranda. Na bar ta. Irin wannan ba a ja.

Da rani ya kama, iyaye suka aiko wa Madam cewa a cire darasin kogi daga makaranta gaba ɗaya. Wanda ke gaba a maganar shi ne mahaifin Falmata, Ba Modu, mai wankin hula, mutum mai natsuwa da ba a taɓa jin muryarsa a taro ba. Ruwa ya tafi masa da hulunan mutane da gumakan katakon da yake ɗora su a kai. Ya zo ofis da kansa, muka gaisa, wushe wushe, ya tambayi gida da yara, sannan ya ce:

"Malama, kogin nan har ɗaka ya biyo mu ya koya mana darasi. Me ya rage da za a kai yara su koyo?"

Ya miƙe ya yi mana sallama. Madam ta gaya min gaskiya bayan ya fita: in taron iyaye na ƙarshen zango ya ce a'a, ba za ta iya tsallake su ba, za a ba wa wani darasi lokacin, kuma abin da aka cire daga jadawali ba ya dawowa. Na roƙi abu ɗaya, a bar ni in yi darasin sau ɗaya a gaban iyayen, a filin makaranta, ba a bakin kogi ba.

Dakta ba ta daina bincike ba ko a shekarar. Ta ba ni sababbin takardu, na ga abin da ya sa na ƙara ƙwazo: katantanwa ta bazu zuwa kududdufan da ruwa ya bari a bayan unguwanni, inda yara ke wasa ko an hana ko ba a hana ba. Amma na san lamba kaɗai ba za ta zaunar da mutumin da ya yi asara ba. Sai na ce mata gaiwa nake so, a cikin lakarta, tana barci.

Neman gaiwa da rani sana'a ce ita ma. Muka je fadamar Khaddamari, wani dattijo manomi ya zagaya da mu kan busasshiyar laka mai tsage-tsage, yana duban ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Ɗan rami ake nema, wanda bai fi a sa yatsa ba, ta nan take shaƙar iska. In an samu sai a haƙa nesa da shi a zagaye, a ɗago curin ɗungurungum, kada a fasa, kada a toshe ramin. Ya ce mai rai, in an ƙwanƙwasa curin, takan yi ɗan gurnani. Muka yini muka samu guda ɗaya tak. Ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, shiru. Ya ce ko dai barcinta ya yi nauyi, ko kuma ta riga mu gidan gaskiya, shi dai ba zai rantse ba. Dakta ta ce kada in ɗora darasin a kan abin da ba mu da tabbas. Na ce na ji. Na naɗe curin a buhu na rungume shi a Keke Napep har gida kamar jaririn goye.

Ranar taro iyaye suka cika bencina a ƙarƙashin darbejiya, maza gefe, mata gefe, yara a gaba. Na ajiye baho a tsakiya, na sa curin, na yi bisimilla na tsiyaya ruwa. Falmata ta toshe kunne ta koma baranda. Na gaya wa jama'a cewa akwai mai rai a cikin wannan laka, kuma in Allah ya so za su gan ta. Aka miƙa wuya. Ruwa ya yi ja, 'yan kumfa suka taso, shi ke nan.

Na shimfiɗa igiya don kada a zauna haka. Na raba wa iyayen ƙwallon dabino da tsakuwa, 'ya'yansu na karanta musu lambobi suna zubawa. Abin ya ɗan yi armashi, domin babu abin da ke wa yaro daɗi kamar ya ce wa ubansa ya yi kuskuren ƙirga. Da aka zo farantin kududdufin bayan unguwa, tsakuwa ta taru tuli, wata uwa ta tambaya mene ne wannan, ɗanta ya ce katantanwar tsargiya ce, kuma nan ne ƙaninsa ke wanka. Matar ta juya tana neman ƙanin da ido. Amma Ba Modu bai karɓi ko tsakuwa ɗaya ba. Yana zaune hannu a harɗe.

Rana ta take. Laka na nan laka. Wani mai shago ya ce Malama ta tara su kallon jiƙo, da ya sani ya zo da gero a jiƙa masa shi ma. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma a cikina salati nake. Lakar fadama da ta sha ranar bazara ba irin wadda mai baro ya kawo min ba ce, ta yi tauri kamar tubali. Mutane suka fara duban inuwa, wasu mata suka tashi wai sun bar tukunya a wuta. Madam ta matso ta raɗa min cewa dole a yi maganar kafin kowa ya watse. Ta tsaya a gaba ta fara jawabi, duk ido ya koma kanta, har nawa.

Ban ga lokacin da Falmata ta sauko daga baranda ba. Na dai waiga na gan ta tsugune nesa kaɗan da baho, ta karkata kai tana saurare. Ta matso. Ta kara kunnenta a jikin bahon. Sai ta naɗe hannun rigarta ta tsoma hannu biyu a cikin ruwan har gwiwar hannu, tana murza gefen curin a hankali da yatsu, kamar mai lallashin ƙanwa ta tashi. Na buɗe baki in ce a bar wa babba, sai na rufe. Ruwan famfo ne, kuma ina kusa.

Madam ta katse jawabinta, don ta ga inda Ba Modu yake kallo. Ya miƙe tsaye. Bai dubi curin ba, hannun 'yarsa yake kallo a cikin ruwa.

"Ƙwak."

Duk wanda ke wurin ya ji. Curin ya tsage, yarinyar ta janye hannu amma ba ta gudu ba. Gaiwa ta zaro kai, rama ta kama ta don ba banza ake cewa jikinta take ci ba, ta miƙe, ta taso saman ruwa ta shaƙi iska da baki. Matan da suka bar tukunya a wuta suka dawo. Mai shago ya ce Allahu akbar, ya janye maganar gero. Yara suka yi caa a kan baho har sai da na sa igiyar kogi na yi musu shinge.

Ba a yi ƙuri'a ba ranar. Ba Modu ya jira hayaniya ta lafa, ya ce wa Madam a bar darasin. Ya ce amma in za a je bakin kogi, da rani za a je, kuma da shi za a je, zai rufe rumfa ranar. Har yanzu yana zuwa, ko da yake Falmata ta wuce sakandare. Shi ne dattijon da za ku gani yana riƙe da rariya yana hana kowa taɓawa, kada ku yi masa gardama.

Da aka fara watsewa na sunkuya in ɗauke gaiwar in sa ta a bokiti mai ruwa mai kyau kafin mu mayar da ita inda kogi bai ƙafe ba. Ni da na shekara ina gargaɗin yara cewa gaiwa na da haƙori, na kai hannu ta gaba. Ta dantsare min yatsa. Na yi ƙara, na yarfe hannu, na ce mata Allah ya shirye ki, haka ake saka wa wanda ya rungumo ki tun daga Khaddamari? Falmata na tsaye a gefena, ruwa na ɗiga daga hannayenta. Ta kama bakin hijabina ta ɗan ja.

"Malama, kada ki ga laifinta," in ji ta. "Ita ma ruwa ne ya shigo mata ɗaki tana barci."